Neman Kaka a Rijistar Alƙali

Gardamar asali ta sake ɗaukar zafi a Facebook da TikTok, kuma a wannan karon kowa da takardarsa a hannu. Wani zai ɗora hoton salsalar gidansu, sunaye jere daga kansa har Bagadaza, ko Yaman, ko wani Sahabi, ya ce to ga hujja. Wani kuma ya aika da miyansa wani kamfani a Amurka ko Ingila, a yi masa gwajin ƙwayoyin halitta, sakamako ya dawo da kashi kaza cikin ɗari na nan, kashi kaza na can, shi ma ya ce an gama magana. Daga nan sai zage-zage a kan wane ne Bahaushe zalla, wane ne Bafulatani, wane ne baƙo. Amma ka tambayi kowannensu sunan matar da ta haifi kakansa, ko sana'ar uban kakan nan, ko garin da yunwar Kakalaba ta 1914 ta riske shi, da wuya ka sami amsa. Mutum ya haddace suna ashirin, bai san rayuwar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da nake so in kafa a nan shi ne, sanin kaka na nufin sanin inda ya zauna, da abin da ya ci da shi, da wadda ya aura, da abin da ya kore shi daga wani gari ya kai shi wani. Irin wannan sani ana tsinto shi ne a ƙananan takardun da aka rubuta a zamanin mutumin don wata buƙata ta daban, a gwama su da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Doguwar salsala da gwajin miyau duk ba sa ba da shi, kuma dalilin hakan lissafi ne da kowa zai iya yi.

A fara da salsala. Idan aka ce tsakanin haihuwar uba da ta ɗansa shekara talatin ce a matsakaici, to daga zamanin Sahabbai zuwa yau, shekara dubu ɗaya da ɗari huɗu, ana buƙatar sunaye kusan arba'in da bakwai. Ko da an ce mazan da suka gabata sun yi ta haihuwa da tsufa, aka mai da tazarar shekara arba'in, sai an sami talatin da biyar. Yawancin salsalolin da ke yawo a waya ba su wuce suna goma sha biyar zuwa ashirin ba. Ke nan an tsallake ƙarnuka a wani wuri, kuma galibi a tsakiya ake tsallakewa: sunaye biyar ko shida na ƙasa sanannu ne, akwai kaburburansu da gidajensu, sunaye na can sama an ɗauko su daga littattafan tarihin Musulunci, abin da ke tsakani kuwa ɗinki ne. Wannan ba zargin ƙarya ba ne ga wanda ya rubuta. Haka ƙwaƙwalwar al'umma take aiki a ko'ina, tana riƙe wanda ya kafa gida da waɗanda aka gani da ido, ta haɗiye na tsakiya. Ko Tarihin Kano, wanda ya fi kowane jerin sarakuna na ƙasar Hausa cika, rubutun da ke hannunmu ya tsaya ne a kan Sarkin Kano Muhammadu Bello, wato an kammala shi a ƙarshen ƙarni na 19. Shekarar 999 da ake danganta wa Bagauda, sarkin Kano na farko, ba a rubuce take a cikinsa ba. Wani Bature mai suna Palmer ne, da ya fassara shi a 1908, ya yi ta tara shekarun sarautar kowane sarki yana komawa baya har ya isa can. Idan littafin fada mai marubuta da maroƙa da masu kirari yana buƙatar irin wannan taka-tsantsan, ina ga takardar da wani kawu ya rubuta shekaran jiya daga abin da ya ji?

Sannan ko da salsalar ta inganta daga farko har ƙarshe, layi ɗaya tak take bi, na uba da uban uba. Kowa yana da iyaye biyu, kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas. A hawa na goma gurabe 1,024 ne, a hawa na ashirin sun haura miliyan. Salsala ta ɗauki mutum ɗaya a kowane hawa ta bar sauran, kuma cikin waɗanda ta bari har da dukkan mata. Gwajin ƙwayoyin halitta ya fi ta faɗi, amma shi ma yana da iyaka da masu tallarsa ba su cika faɗa ba. Ɗa yana karɓar rabin gadonsa na halitta daga uwa, rabi daga uba, kamar mudun hatsi da aka cika da rabi daga wannan rumbu rabi daga wancan, su ma rumbunan haka aka cika su daga wasu biyu-biyu. In aka yi ta komawa baya hawa goma, za a tarar akwai rumbuna da yawa da ko ƙwaya ɗaya tasu ba ta iso mudun ba, alhali kuwa kakanni ne na haƙiƙa. Kason da kamfani ke rubutawa kuma yana fitowa ne daga kwatanta mutum da mutanen da ke raye yau waɗanda kamfanin ya tara samfurinsu, kuma samfurin mutanen yankinmu kaɗan ne a rumbunansu, shi ya sa sakamakon mutum ɗaya kan canza idan kamfanin ya sabunta lissafinsa. Gwajin yana da amfani na gaske wajen tabbatar da dangantaka ta kusa, kamar a gane ko mutum biyu 'yan wa da ƙane ne. Amma babu wata alama a jini da ke nuna harshen da mutum ya yi magana da shi, ko sarkin da ya bi, ko ranar da ya bar garinsu.

Labarin Dorugu ya nuna yadda ake gano rayuwar mutum ta ɗaya hanyar. An haife shi wajen 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas a ƙasar Damagaram, aka kama shi yana yaro aka kai shi Kukawa a matsayin bawa. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, suka bi shi har Tambutu, suka ƙetare Sahara da shi, suka isa Landan a 1855. A Ingila wani mai wa'azin Kirista, Schön, ya zaunar da Dorugu ya rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa, labarin da ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo gida, a ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Abbega kuwa ya zama sarki a Lakwaja, jikansa Maimaina ya zama Sarkin Askira, shi ma ya bar nasa tarihin a rubuce, har Kirk-Greene da Paul Newman suka haɗa labarin Dorugu da na Maimaina a littafi ɗaya a 1971. Abin lura shi ne ba daga majiya ɗaya muka san Dorugu ba. Akwai abin da ya faɗa da bakinsa, akwai abin da Barth ya rubuta a littafin tafiyarsa da kwanan wata, akwai kuma abin da mutanen makarantar Kano suka sani game da tsohon. Inda ukun suka haɗu, nan ne ƙafa ke iya tsayawa. Ta haka yaron da aka sayar a kasuwa, wanda ba shi da salsala ko ta hawa uku, ya zama mun fi sanin rayuwarsa a kan ta 'ya'yan sarakuna da yawa na zamaninsa.

Za a ce ai Dorugu dace ya yi, ya faɗa hannun Turawa masu rubutu, mu kuwa kakanninmu manoma ne da maƙera da fatake, wa ya rubuta su? Wannan ita ce fahimtar da ta fi damuna, domin ita ke sa mutane su bar nema tun ba su fara ba, kuma ba daidai ba ce. Ƙasar nan ta daɗe da alƙalami. Majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas ta bar rijista da Larabci, wadda Allan Christelow ya fassara wani ɓangare nata na shekarun 1913 da 1914, kuma waɗanda ke cikinta talakawa ne: mai ƙarar an cinye masa gona, magada masu jayayya a kan gida, baiwa mai neman 'yanci, wanda aka sace wa jaki, kowa da sunansa da na garinsa da na shaidunsa. Kotunan alƙalai na En'e sun riƙa rubuta rabon gado saboda ana cire ushira a kai baitulmali, kuma babu takardar da ta kai ta rabon gado amfani ga mai neman asali, don ita ce ke lissafa matan mamaci da 'ya'yansa maza da mata da abin da ya bari, har bashin da ake bin sa. A ƙasar Kano malaman taki sun auna gonaki da ƙafa suna rubuta sunan mai kowace gona don a yanka masa haraji. Akwai rasit na haraji da na jangali, akwai rijistar makarantun elementare da midil, akwai takardun sallamar sojojin da suka je Bama a yaƙin Hitila, akwai fasfon alhazan da suka bi ta ƙasa, akwai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939. A gidajen malamai kuma, duk wanda ya buɗe tsohuwar gafaka ya san mai kwafar littafi yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa da na wanda aka rubuta wa, wani lokaci har da gari da shekara, kuma sau da yawa a gefen shafi ko a wata 'yar warƙa akan tarar an rubuta ranar da aka haifi wane ko ranar da wance ta rasu. Rubuce-rubucen Nana Asma'u sun iso mu ne saboda gidan Waziri a Sakkwato ya adana su hannu da hannu.

Wahalar gaskiya tana wajen sunaye. Ba mu gāji sunan dangi irin na Turawa ba, kowane hawa sunan uba ne ke zama na biyu, sai ya faɗi a hawa na gaba. Waɗanda suka shiga boko da wuri ma sunan gari aka laƙaba musu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Isa Kaita da Shehu Shagari. A rijistar gunduma ɗaya za a iya samun Muhammadu ɗan Abubakar guda hamsin. Ga kuma alkunya: mace ba ta faɗin sunan miji ko na ɗan fari, yaron da aka sa wa sunan kakansa ya tashi ana kiran sa Abba ko Baba har ya tsufa, jikokinsa ba su taɓa jin sunansa na yanka ba. Saboda haka suna shi kaɗai ba ya isa a ce wannan ne kakana. Sai an haɗa shi da unguwa, da sana'a, da laƙabi, da sunan dagaci ko mai unguwar lokacin, da sunan ɗan'uwa ko maƙwabcin da ya yi shaida. A nan laƙabi kan taimaka fiye da sunan yanka, don Tanko ya gaya maka yayyensa mata ne, Gambo ya gaya maka ya biyo tagwaye, Azumi ta gaya maka watan da aka haife ta. Shekaru kuma ana kamo su ne da abin da ya faru. Tsohuwar da ba ta san shekarar boko ba za ta ce an yi wa uwarta aure bayan Basasar Kano, wadda aka fara a 1893, ko an haifi wane shekarar da Nasara suka ci Kano, wato 1903, ko ana goyon wance jirgin ƙasa ya iso, wato 1911, ko sun bar ƙauye a yunwar 'Yar Buhu ta 1927. Da irin wannan ake rage Muhammadu hamsin su koma biyu, wani lokaci ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga masu cewa fifita takarda raini ne ga bakin magabata. Ban ga raini a ciki ba, domin ba a iya karanta takardun nan sai da bakin magabatan. Wata tsohuwa, Baba ta Karo, ba ta yi boko ba, amma abin da ta zayyana wa wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa tsakanin 1949 da 1950 ya ƙunshi aure da saki da goyo da ƙawance da harin masu kamun bayi da zaman rinji, dalla-dalla, irin abin da babu wani Di'o da ya taɓa rubutawa. Kuma ba banza ba ne ta kasance mace. Maza sukan riƙe layin sarauta da na gona, mata ke riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce aka kawo daga wani gari. Mai neman asalin da ya zauna da kawunnansa kawai ya bar gwaggwanninsa da innoninsa ya yar da rabin abin da ya fito nema. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki ruwaya ɗaya a ce ita ce ƙarshe. A ji ta bakin tsofaffi uku daban-daban, kowa shi kaɗai, a rubuta yadda kowa ya faɗa ba tare da an gyara don su dace ba, a rubuta wa ya faɗa da ranar da ya faɗa. Inda suka saɓa, a bar saɓanin a rubuce, don sau da yawa nan ne wani abin da aka binne yake.

Haka ma masu cewa takardun Turawa na maƙiya ne, ba abin dogaro ba. Gaskiya ne Razdan da Di'o sun rubuta son zuciyarsu game da ƙabilu da sarakuna, kuma tafinta ya sha juya musu magana, mutane kuma sun sha ɓoye 'ya'ya da shanu saboda haraji da jangali. Duk wanda ya karanta rahoton kimanta haraji na wata gunduma ya ɗauki ra'ayin marubucin a matsayin tarihi ya yi kuskure. Amma jami'in da ke ƙirga gidaje don kuɗi ba shi da wata riba a ƙirƙiro sunan maƙerin ƙauye, kuma yawancin rijistar da ta shafi talaka ma ba Bature ne ya rubuta ta ba, malamai ne da muhutai 'yan ƙasa, da Larabci ko ajami.

Ga waɗanda kakanninsu suka yi nisa, bin sawun yakan ƙetare iyaka. Zuriyar fataken goro da suka bi hanyar Gwanja za su tarar yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya watsa mutanensu zuwa wasu zangogi, kamar yadda ya kai malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, kuma korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a Gana a 1969 ta sake dawo da wasu gida ba tare da takardunsu ba. Waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru suka tsira daga Burmi a 1903, da yawansu sun ƙare a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Mutumin Maraɗi ko Damagaram kuwa, takardun zamanin Faransa da suka shafi garinsu suna iya kasancewa a Yamai, ko Dakar, ko Aix-en-Provence.

Akwai dalili guda da ba a cika faɗa a fili ba wanda ke sa wasu gidaje gwammace doguwar salsala a kan rijistar alƙali, wato tsoron a tono bauta. Masana tarihi Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa bayin da ke daular Sakkwato lokacin zuwan Turawa sun kai tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan dubban mutane sun bi ta kotu sun fanshi kansu, aka rubuta sunayensu da ƙabilarsu da wanda ya biya. Idan aka haɗa wannan adadi da lissafin gurabe 1,024 da ya gabata, da wuya a sami gidan da babu bawa ko baiwa a wani reshe nasa, har da gidajen sarauta, inda sarakuna da dama 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne kuma ba a taɓa ɓoye hakan ba. Matar da ta yi shekaru tana tara kuɗin murgu har ta karɓi takardar 'yancinta a gaban alƙali ta yi abin da ya cancanci jikokinta su sani. Na fahimci cewa gori yana nan da ransa, musamman wajen neman aure, kuma ba na cewa kowa ya ɗora abin da ya gano a intanet. Amma goge ta daga tarihin gida don a liƙa wani Balarabe da ba a tabbatar ba zalunci ne a kanta karo na biyu.

Abin da ya rage shi ne ko takardun za su jira mu. Ma'adanar tarihi ta ƙasa, wadda ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike ya haifar a 1954, tana da babban reshe a Kaduna inda fayilolin kowane lardi suke a ware, ga Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya kafa a 1970, ga hukumomin tarihi na Kano da Sakkwato, ga sashen rubutattun littattafai na jami'ar Yamai. Ma'aikatan wuraren nan suna iya ƙoƙarinsu, amma takarda mai shekara ɗari tana buƙatar ɗaki marar yoyo da wuta da na'urar ɗaukar hoto, kuma kasafin da ake ba su bai nuna an ɗauki abin da muhimmanci ba. Mafi hatsari ma su ne takardun da ba su taɓa isa can ba. Da aka raba Jihar Arewa gida shida a 1967, aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe En'e ɗin kanta, rijistoci sun yi ta sauya hannu, wasu suna jibge a ɗakunan ajiya na tsofaffin kotuna da ofisoshin hakimai inda gara da ɗigon damina ke cin su. Mu ma a gida ba mu fi hukuma ba, don ranar da aka raba gadon tsoho akan ƙirga gona da gida da shanu, adakar takardunsa kuwa a tura ta ƙarƙashin gado, ko a ƙone don gudun kada a taka sunan Allah, ba tare da wani ya ɗauki hotonsu da wayar da ke aljihunsa ba. Ma'aikatun shari'a na jihohi da majalisun masarautu suna da ikon su sa a zagaya kotu-kotu da gunduma-gunduma a lissafa rijistocin da suka rage daga 1903 zuwa 1976, a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi a jami'ar da ta fi kusa, a kuma ɗauki ɗaliban Larabci da suka iya karanta rubutun muhutan da su fitar da sunaye da garuruwa a jere yadda mai nema zai iya dubawa.